Ƙahon Wanzami da Allurar Likita: Tarihin Maganin Yawan Jini

A ƙasarmu ta kudancin Katsina, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har a dangana da Sabuwa, idan magidanci ya kwana biyu yana kukan nauyin kai da tsamin jiki, ba a rasa wanda zai ce jini ne ya yi masa yawa, a nemo wanzami ya kafa masa ƙaho. Maganar ta daɗe a bakin jama'a har ba a tsayawa tambayar ma'anarta. To amma akwai wata cuta ta haƙiƙa wadda wannan siffa ta dace da ita daidai wa daida. Likitoci suna kiranta folisaitimiya bera, kuma har gobe matakin farko na maganinta a manyan asibitocin duniya shi ne a rage wa mai ita jini. Wannan ne ya ja hankalina in bi sawun yadda maganin da ya fi kowane daɗewa a hannun ɗan Adam ya yi tashe, ya faɗi warwas, sannan ya sake miƙewa a kan cuta guda, da kuma inda wanzaminmu ya tsaya a cikin labarin.

Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san aikin ƙaho. Wanzami zai sauke zabirarsa a gindin bishiya ko a zaure, ya zaro ƙananan ƙahonin saniya waɗanda aka huda tsininsu. Zai kafa ɗaya a gadon baya ko a ƙeya, ya zuƙe iskar ciki da bakinsa, ya liƙe hujin da kaki. In fata ta tasa sai ya cire, ya yi mata 'yan tsage-tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Bayan ɗan lokaci ya juye abin da ya taru, baƙi wuluk, a daskare, ya nuna wa mai jiki ya ce ga mataccen jinin da ke damunsa. Sana'a ce ta gado mai tsari da shugabanci, domin kusan kowane gari yana da Sarkin Aska, kuma wanzamin da ke yi wa gida aski shi ne mai yi masa kaciya da cire beli da tsagar gado. Tun ina yaro nake ganin yadda fuskar dattijo ke sakewa da zarar ya ga gudan jinin nan a ƙasa. Daga baya na gane cewa kowane jini, ko na mai ƙoshin lafiya ne, in ya bar jijiya ya jima a rufe zai daskare ya yi duhu, don haka launinsa ba ya tabbatar da cewa ya mutu tun yana cikin jiki. Sai dai sauƙin da mutum ke cewa ya ji, wannan ba ni da hurumin ƙaryata shi.

Daɗewar wannan aiki a ƙasashenmu tana da shaida a rubuce. Lokacin da Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka taso daga Kukawa ta Barno za su Kano a ƙarshen 1823, Oudney yana fama da ciwon ƙirji mai tsanani. Clapperton ya rubuta cewa a kan hanya wani mutumin ƙasar ya yi wa abokin tafiyarsa ƙaho a haƙarƙari, ya kuma bayyana aikin kamar yadda muke ganinsa a yau: tsaga da aska, hudajjen ƙaho, zuƙar iska da baki. Ya yaba gwanintar mai aikin. Oudney ya rasu a kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu 1824. Abin lura shi ne likita ne da ya yi karatu a Edinbara, amma bai ga wani baƙon abu a ƙaho ba, domin a ƙasarsu ma rage jini shi ne gaba da komai a lokacin. Da Clapperton ya isa Sakkwato a wannan shekarar, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a birnin. Na kan yi tunanin cewa da an aiko shi, da abin da zai fara fitarwa daga jakarsa ita ce 'yar wuƙar tsaga jijiya.

Shi kansa Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, masani ne a fannin magani, ya kuma bar rubuce-rubuce a kai cikin Larabci. Ilimin da malaman zamaninsa suka gada ya kwararo ne daga maɓuɓɓuga biyu. Ta farko ita ce sunna. Ya tabbata cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, cewa Abu Ɗaiba na cikin waɗanda suka yi masa, kuma ya biya shi ladan aikinsa. Akwai ruwayoyin da suka ambaci ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci, kuma har yanzu masu kula suna kirdadon waɗannan ranaku. Ta biyu ita ce falsafar likitocin Girka, musamman Jalinusu na ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, wadda ta shigo Larabci ta hanyar fassara, Ibn Sina ya tsara ta a littafinsa Alƙanun. A wannan fahimta jiki yana tafiya ne bisa ruwaye huɗu, jini na cikinsu, kuma cuta tana zuwa ne idan ɗaya ya rinjayi sauran. In jini ne ya cika ya batse, sai a buɗe masa ƙofa.

Malaman Musulunci sun bambanta hanyoyi biyu na buɗe wannan ƙofa, kuma bambancin zai yi mana amfani a gaba. Akwai hijama, wato ƙaho, mai jan jini daga saman fata. Akwai kuma fasdu, wato tsaga jijiya kai tsaye jini ya kwarara. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi bayanin cewa ƙaho ya fi dacewa da mutanen ƙasashe masu zafi, shi kuwa fasdu yana jawo jini ne daga can cikin jiki. Ƙasar Hausa ta riƙi ƙaho, Turai ta riƙi tsaga jijiya, kuma a ganina mun fi su sa'a, domin abin da ƙaho ke zuƙowa kaɗan ne, ita kuwa jijiya in aka buɗe ta ba ta da linzami.

Turawa sun kai abin maƙura. Ranar 14 ga Disamba 1799 George Washington, shugaban Amurka na farko, ya rasu bayan ciwon maƙogwaro ya kama shi. Cikin yini guda an zubar masa da jini fiye da lita 2, alhali duk jinin baligi bai wuce lita 5 da wani abu ba. A Faransa likita François Broussais ya koyar da cewa kusan kowace cuta kumburi ce, maganinta kuwa a kafa wa mutum matsattsaku su tsotse shi. A shekarar 1833 kaɗai ƙasar ta shigo da matsattsaku sama da miliyan 40.

Wanda ya fara girgiza wannan gini bai zo da wata sabuwar falsafa ba. Ƙidaya kawai ya yi. Pierre Louis, likita a asibitin Charité na Faris, ya tattara bayanan mutum 77 masu ciwon huhu, ya raba su gida biyu: waɗanda aka rage wa jini a kwanaki 4 na farkon ciwo, da waɗanda aka jinkirta wa. A rukunin farko 18 cikin 41 suka mutu, a na biyu 9 cikin 36. Ya wallafa littafinsa a kan wannan a 1835. Bai ce a daina rage jini ɗungurungum ba, kuma lissafinsa yana da raunin da masana suka nuna daga baya, amma ya dasa wata tambaya da ba a saba yi ba: mutum nawa aka yi wa, nawa suka tashi? Kafin ƙarnin ya ƙare, tsaga jijiya ya zama abin da likita ke jin kunyar a ce yana yi.

Daidai lokacin da ake binne wannan magani ne aka gano cutar da ke buƙatarsa. A 1892 Louis Henri Vaquez ya ba da labarin wani majiyyaci a Faris mai jiri, jikinsa ya rine, hantarsa da saifarsa sun kumbura, jajayen ƙwayoyin jininsa kuwa sun zarce kima nesa ba kusa ba. A 1903 William Osler na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya haɗa labarin wasu majiyyata irinsa, ya tabbatar da cewa cuta ce mai zaman kanta. Abin da ya ba su damar ganin abin da Jalinusu bai gani ba shi ne na'urar ƙirga ƙwayoyin jini a ƙarƙashin madubin likita. A 1929 Maxwell Wintrobe ya kyautata wata 'yar siririyar kwalba da ake zuba jini a wulwula shi a inji, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya a sama, a karanta kason kowanne. Wannan awo ne ma'aikatan asibitocinmu ke kira PCV, wanda kowace mai ciki da ta je awo ta san shi. A jikin namiji mai lafiya ƙwayoyin kan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na jini, mace ƙasa da haka kaɗan. A jikin mai wannan cuta sukan haura 55, wani lokaci har 60 ko fiye.

Asalin matsalar a ɓargo take, inda ake ƙera jini. Ɓargon mai lafiya yana jiran saƙo daga ƙoda kafin ya ƙara aiki. Na mai folisaitimiya ba ya jira, yana ta zubo ƙwayoyi dare da rana, har jini ya yi kauri kamar kunun da aka cika wa gari. Daga nan sai ciwon kai, jiri, dishi-dishin gani, jan ido, zafi a tafin hannu da ƙafa, da wani ƙaiƙayi mai ban mamaki da ke tasowa bayan wanka, musamman da ruwan ɗumi. Babban haɗarin shi ne gudan jini ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa ko zuciya ko hanta. Wani nazari da aka wallafa a Denmak a 1962 ya nuna cewa rabin waɗanda ba a yi wa magani ba sun mutu cikin wata 18 da bayyanar alamu. A yau mai samun kulawa yakan rayu fiye da shekara 10, da yawa ma ninkin haka.

Likitocin ƙarni na 20 ba su so a ce tsohon magani kaɗai suke da shi ba, sai suka shiga neman abin da zai ladabtar da ɓargon kansa. An gwada haska ƙashi da saifa da hoton ƙashi mai ƙarfi, an gwada guba mai farfasa ƙwayoyin jini. A 1940 John Lawrence na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙanen Ernest Lawrence da ya ƙera injin farfasa ƙwayar zarra, ya ba da rahoton amfani da sinadarin fosfaras mai fitar da tururin nukiliya. Allura guda takan kwantar da cutar watanni masu yawa, har aka ɗauka an gama da ita. Amma sai aka riƙa lura da cewa wasu daga waɗanda suka sha wannan magani suna ƙarewa da sankarar jini. Cutar ce ke kai su can da kanta, ko maganin ne? An yi shekaru ana musu.

Nan ma ƙidaya ce ta raba gardama. A 1967 Louis Wasserman na birnin New York ya kafa ƙungiyar likitoci daga ƙasashe da dama, suka raba majiyyata 431 gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu rage jini kaɗai, wasu fosfaras, wasu ƙwayar kilorambusil. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. Masu shan kilorambusil sun fi kowa kamuwa da sankarar jini, har aka dakatar da ba su, aka wallafa gargaɗi a 1981. Masu fosfaras su ma haɗarin ya bi su. Waɗanda aka bari da rage jini kaɗai sun tsira daga wannan, amma sun fi samun toshewar jijiya a shekaru 3 na farko. Da aka yi dogon lissafi, su ne suka fi daɗewa a raye. Wato dai maganin zamanin nukiliya bai kayar da na zamanin Jalinusu ba.

Daga nan aka ci gaba da tacewa. Wani gwaji a Turai da aka wallafa a 2004, a kan mutum 518, ya nuna cewa ƙaramin asfirin na miligiram 100 a kullum yana rage toshewar jijiya. A 2005 ƙungiyoyin bincike da dama, ciki har da ta William Vainchenker a Faransa, suka gano tangarɗa a wata ƙwayar halitta mai suna JAK2, wadda ke jikin kimanin 95 cikin 100 na masu cutar. Ita ce makunnin da ya maƙale a kunne. A 2013 likitocin Italiya suka amsa tambayar da ta fi kowace tsufa, wato nawa za a rage. Cikin mutum 182 da aka riƙe awonsu ƙasa da kashi 45, mutum 5 ne suka mutu da ciwon zuciya da jijiya ko suka sami babbar toshewa. Cikin 183 da aka bari tsakanin 45 da 50, mutum 18 ne. Yau tsarin a bayyane yake: a soka allura a jijiyar hannu a ɗebi kimanin leda guda, mililita 300 zuwa 450, a maimaita bayan 'yan kwanaki har awo ya sauka ƙasa da 45, sannan a riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci. A haɗa da asfirin in babu abin da ya hana, kamar gyambon ciki. Wanda ya haura shekara 60 ko ya taɓa samun toshewa a ƙara masa maganin rage aikin ɓargo, galibi haidiroksiyuriya ko intaferon. Ga wanda waɗannan suka gaza masa, Amurka ta amince da rukzolitinib a 2014, sai dai kuɗinsa na shekara a can ya haura dala 100,000, don haka ambatonsa a nan labari ne kawai.

Idan muka dawo gida, sai a ga abin da wannan tarihi ya bar mana ya kasu biyu, kuma kowane ɓangare yana da nauyi.

Cutar ba ta da yawa. A ƙasashen da ake ƙirgawa, mutum ɗaya ne ko biyu cikin 100,000 ke kamuwa a shekara, akasari masu shekara 60 ko kusa da haka. Abin da ya addabi mutanenmu kishiyarta ce, ƙarancin jini: na zazzaɓin cizon sauro, na haihuwa kusa da kusa, na rashin abinci mai gina jiki, na sikila wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Ciwon kai da jiri da kasala alamu ne da ƙarancin jini da yawansa suka yi tarayya a kai. Ga kuma rikicin suna, domin a bakin mutane da yawa yawan jini da hawan jini abu ɗaya ne, alhali na biyun ƙarfin bugun jini ne a jikin jijiya, kuma ƙaho ba ya maye gurbin maganinsa. Saboda haka cikin waɗanda ke miƙa baya ga wanzami da sunan jini ya yi yawa, mafi rinjaye ba haka abin yake ba. Ƙaramin ƙaho ba zai ƙarar da jinin ƙaƙƙarfan manomi ba, amma a jikin mace mai shayarwa da ke ɗashe lissafin daban ne. Aska ɗaya a jikin mutum biyu kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, abin da ya sa wanzamai da yawa yanzu suke sa mutum ya zo da sabuwar rezarsa.

Shi kuma mai cutar ta gaskiya, komai ya taru ya ɓoye shi. Jan fuskar da Vaquez da Osler suka gani a jikin Turawa ba ya fitowa sosai a baƙar fata, sai dai a ido da leɓe da tafin hannu. Kumburin saifa kuwa a nan kowa sauro zai ɗora wa laifi. In ya yi kukan kasala a kemis, abu mafi kusa da hannu shi ne kwalbar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wato itacen da ɓargonsa ke nema ya ƙara hura wuta. In ya je wa wanzami, hasashen daidai ne amma mudun ya yi kaɗan, domin ƙaho yana ɗiba ne daga fata, cutar kuwa tana neman abin da magabata suka kira fasdu, mai awo kafin a yi da bayan an yi. Da yawa labarinsu zai ƙare ne da cewa wane ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, a ce hawan jini ne ko iska.

Masana daga waje sun daɗe da nazarin yadda mutanen wannan yanki ke neman lafiya. Murray Last ya zauna a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyarmu, tun wajen 1970, Lewis Wall kuma ya wallafa littafi a kan maganin Hausa a 1988 bisa zaman da ya yi a wani ƙauye na yankin. A wancan zamani asibitin Malumfashi reshe ne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A yau mai neman ƙwararren likitan jini daga Ƙanƙara ko Sabuwa sai ya nufi Shika ko Katsina ko Kano, kuma gwajin JAK2 ba aikin ƙaramin asibiti ba ne. Hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. A 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da namu uku. Cutar da ke buƙatar a ga likita duk bayan 'yan watanni har ƙarshen rai ba ta jure irin wannan yankewa.

Duk da haka, cikin cututtukan ɓargo wannan ce wadda talaka ya fi kusa da maganinta. Awon PCV ɗigon jini ne daga yatsa da 'yan mintoci a inji, kuma babban asibitin ƙaramar hukuma yana yin sa. Ledar da ake ɗibar jinin mai ba da gudummawa ita ce dai ake ɗibar na mai folisaitimiya da ita. Asfirin yana kowane kemis. Haidiroksiyuriya ma ta zama sananniya a Arewa ta wata ƙofar, domin ita ake ba masu sikila, kuma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an yi gwaje-gwajen da suka nuna amfaninta wajen kare yara masu sikila daga shanyewar jiki. Abin da ya rage shi ne wani ya yi zargin cutar tun da wuri, ya tura a auna, likita kuma ya tantance ko ɓargo ne ko wani dalili, tunda shan taba da ciwon huhu da na zuciya, har da ƙishirwa mai tsanani ta bazara, duk suna iya ɗaga awon. A ƙauyukanmu mutumin da ya fi kowa damar yin wannan zargi shi ne wanzami, domin shi ne ke ganin dattijon da ke dawowa wata bayan wata da jan ido da ƙaiƙayin bayan wanka, kuma shi dattijon ya fi sakin jiki da shi a kan ma'aikacin asibiti.

Akwai abu guda da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na tuna yadda ake wannan aiki. Jinin da aka ɗiba daga mai folisaitimiya bera ba a ƙara wa wani shi, domin daga ɓargo mai cuta ya fito. Zubar da shi ake yi, leda guda cur, a asibitin da wataƙila a ɗakin haihuwarsa dangin wata mata suna tsaye a bakin ƙofa suna neman wanda jininsa ya zo ɗaya da nata.